Injin Turbo da Batun Tsimin Mai a Yankin Noman Rani na Bunkure da Kura

Tsakure

Tun da aka cire tallafin man fetur a shekarar 2023, kuɗin mai ya shiga sahun gaba cikin abubuwan da ke cinye ribar noman rani a yankin Bunkure da Kura. Wannan maƙala ta yi bayanin yadda na'urar turbo take aiki, da kuma dalilin da ya sa inji guda kan yi tsimi a hannun wani direba, ya yi ɓarna a hannun wani. An faro bayanin daga ƙananan motoci masu gudu, inda aka fi sanin turbo, sannan aka dawo da shi kan tarakta da manyan motocin dakon amfanin gona, waɗanda su ne ainihin mazaunin turbo a wannan yanki. Matsayar maƙalar ita ce, turbo dama yake bayarwa ta yin tsimi, amma nauyin aikin da aka ɗora wa inji da yadda aka taka totur su ne suke yanke hukunci.

1.0 Gabatarwa

An kammala madatsar ruwa ta Tiga a shekarar 1974, kuma daga gare ta ne ruwa yake gangarowa ta babbar hanyar ruwa zuwa gonakin Shirin Noman Rani na Kogin Kano, wanda ya ratsa ƙananan hukumomin Bunkure da Kura da Garun Malam, a ƙarƙashin kulawar Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are. Waɗanda suka tsara shirin sun gina shi ne a kan gangare, ta yadda ruwa zai kai kansa bakin gona ba tare da an ƙona ko lita ɗaya ta mai ba. Sai dai ruwa ne kaɗai yake zuwa kyauta ta wannan fuska. Tarakta ce take yin haro, injin girbi ne yake yanke shinkafar manyan gonaki, mota ce take kwashe kwandunan tumatir zuwa kasuwar Kwanar Gafan, daga can kuma babbar mota ta ɗauka ta yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 zuwa kasuwar Mile 12 ta Legas. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan matakai mai yake sha.

A ranar 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya bayyana ƙarshen tallafin fetur a jawabinsa na kama aiki. Cikin 'yan kwanaki litar da ake saye ƙasa da Naira 200 ta haura Naira 500, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce Naira 1,000. Shi man dizal, wanda direbobi suka fi kira gas, ya daɗe da fita daga tallafi, tsadarsa kuma ta riga ta fetur isowa. Daga wannan lokaci tambayar da mai sayen mota ko mai hayar tarakta yake fara yi ita ce, yaya shan manta? Sau da yawa amsar da dillali yake bayarwa ita ce injin ƙarami ne, turbo ne da shi, ba ya sha. Wannan magana rabinta gaskiya ce, kuma rabin da aka bari shi ne yake jawo asara.

2.0 Inji Mai Sha, Inji Mai Shaƙa

Bahaushe yana kallon inji kamar wata dabba mai rai. Mota takan tashi, takan mutu, takan yi tari, ana ba ta wuta, kuma tana shan mai. Wannan kalma ta sha ta sa hankali ya fi karkata ga abin da ake zubawa a tanki, alhali kuwa inji ya fi shaƙa a kan sha. Domin a ƙona kilo 1 na fetur ƙurmus, ana buƙatar kimanin kilo 14.7 na iska. Ke nan iyakar ƙarfin inji tana rataye ne ga yawan iskar da silindarsa za ta iya haɗiya, domin man da bai sami iska ba hayaƙi kawai yake zama.

Akwai kuma wata asara da take tattare da kowane inji. A ƙiyasi na gaba ɗaya, kashi ɗaya bisa uku ne kawai na ƙarfin da ke cikin mai yake zama aikin juya ƙafafun mota. Kashi ɗaya yana tafiya ta ruwan lagireto a matsayin zafi, ɗayan kuma ya fice ta salansa. Wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan, Alfred Büchi, shi ne ya yi rajistar dabarar cin moriyar wannan kaso na salansa a shekarar 1905. Dabarar ba ta da wuyar fahimta. Farfela biyu ne a kan sanda ɗaya. Hayaƙi mai zafi da yake fitowa daga inji yana bugun ta farko ya juya ta, ita kuma ta biyu, da yake sandarsu ɗaya, sai ta zuƙo iskar waje ta matse ta, ta cusa cikin silinda. Juyin wannan sanda yakan wuce sau 100,000 a minti ɗaya. Da yake matsa iska yana ƙara mata zafi, iska mai zafi kuma ba ta da kauri, akan ratsa da ita ta wani lagireto na musamman domin ta huce kafin ta shiga inji.

Manyan injuna masu amfani da dizal ne suka fara cin gajiyar turbo. Ƙananan motocin fetur ba su same shi ba sai a 1962 a Amurka, sunansa kuma ya fito ne a motocin gudu irin su Porsche 911 Turbo ta tsakiyar shekarun 1970. Saboda haka tun farko an san shi da ƙara ƙarfi. Daga baya ne kamfanoni suka juya lissafin: tun da turbo yana sa ƙaramin inji ya yi aikin babba, me zai hana a rage girman injin? Honda Accord, wadda ba baƙuwa ba ce a titunan Kano, ta sauya injinta mai lita 2.4 da wani mai lita 1.5 da turbo a samfurin 2018. Haka Mercedes-Benz C300 ta bar silinda shida ta koma huɗu mai lita 2 da turbo daga samfurin 2015.

3.0 Inda Tsimin Yake da Inda Yake Zubewa

Tambayar da ta kamata a yi ita ce, daga ina tsimin yake fitowa? Amsar tana cikin ƙanƙantar injin. Injin fetur yana da wani murfi a maƙogwaronsa wanda totur yake buɗewa da rufewa. Idan mota tana tafiya a hankali, murfin kusan a rufe yake, inji yana jan iska da ƙyar, tamkar mai gudu da aka toshe wa hanci ɗaya. Babban inji da ake tafiya da shi a hankali yana ɓata ƙarfi mai yawa a wannan fafutikar numfashi, ga kuma gogayyar ƙarafa masu yawa da nauyin kansa. Ƙaramin inji kuwa, domin ya yi wannan tafiya ɗaya, dole a buɗe masa maƙogwaro sosai, don haka numfashinsa ya fi sauƙi, gogayyarsa ta fi kaɗan. A irin wannan tafiya turbo kusan hutawa yake yi. Wato dai a lokacin da ake samun tsimin, gudummawar turbo ita ce ya ba da damar a ɗauki ƙaramin inji ba tare da fargabar gazawarsa a kan tudu ko wajen wuce tirela ba.

Da zarar an nutsa ƙafa a totur, labari ya sauya. Turbo ya cika silinda da iska, kwamfutar da ke sarrafa injin kuma ta auna iskar ta zuba man da ya dace da ita. Inji mai lita 1.5 da aka cusa wa iska ninki biyu, man inji mai lita 3 yake nema. Abin bai tsaya nan ba. Hayaƙin injin fetur da ke aiki da iyakar ƙarfinsa zafinsa yakan kai digiri 900 ko fiye, wanda zai iya lalata farfelar turbo. Domin kare ta, kwamfutar takan ƙara mai fiye da wanda iskar za ta iya ƙonawa, awo ya sauko daga 14.7 zuwa wajen 12 ko ƙasa da haka. Wannan rarar mai ba tuƙi take yi ba, aikinta sanyaya ƙarfe ne, sannan ta fice ta salansa. A nan ne karin maganar nan ta taura biyu ba ta taunuwa ta dace da turbo: yana da ƙarfi, yana da tsimi, amma direba ɗaya yake samu a kowane lokaci.

Ingancin fetur ma yana da hannu a ciki. Matsewa da zafi sukan sa wani ɓangare na man ya fashe da kansa kafin wutar fulogi ta iso gare shi, a ji wata ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani. Wannan daban yake da abin da makanikai suke nufi idan suka ce inji ya buga, ko da yake idan ya daɗe yakan kai ga hakan. Juriyar fetur ga wannan fashewa ita ake aunawa da lambar oktan. Fetur ɗin da aka saba sayarwa a Nijeriya lambarsa tana wajen 91, yawancin motocin gudu masu turbo kuwa an tsara su ne a kan 95 ko 98. Idan kwamfuta ta ji alamar fashewar, sai ta jinkirta wutar fulogi ta rage matsin iska. Inji ya tsira, amma kowace lita ta ba da aikin da bai kai na da ba. Wannan ne ya sa adadin shan mai da kamfani ya rubuta a Turai ko Amurka ba kasafai yake tabbata a hanyar Kano zuwa Zariya ba. Ko a can ɗin ma, tazarar da ke tsakanin gwajin ɗakin bincike da tuƙin yau da kullum ta yi faɗin da ya sa Tarayyar Turai ta sauya tsarin gwajinta a 2017.

Gasar tseren motoci ta Formula 1 ta ba da misali mai kyau a kan wannan batu. A 2014 aka koma injuna masu lita 1.6 da turbo, aka kuma gindaya cewa mota ba za ta ƙona fiye da kilo 100 na mai a tsere guda ba, wato ragin kimanin kashi ɗaya bisa uku a kan abin da aka saba. Cikin 'yan shekaru Mercedes ta sanar da cewa injinta ya kai ga mayar da rabin ƙarfin man zuwa aiki a wurin gwaji. Amma duk da wannan fasaha, direbobin tseren sai da suka koyi ɗage ƙafa daga totur tun kafin su isa kwana, su bar mota ta gangara kafin su taka birki. Idan gwanayen gudu na duniya da ƙafa suke tsimi, ba a tsammanin wata na'ura za ta ɗauke wa direban hanyar Rano wannan nauyi.

Abin da ya rage ga mai ƙaramar mota ba shi da yawa, kuma lissafi ne. Turjiyar iska tana ƙaruwa ne da ninkin gudu a kan kansa. Wanda ya tashi daga kilomita 100 a awa zuwa 120 ya ƙara gudu da kashi 20 cikin 100, amma turjiyar da injinsa yake yaƙi da ita ta ƙaru da kashi 44, kuma a daidai nan ne turbo yake farkawa. Saurin hawa babbar giya, tsayar da gudu a mataki ɗaya, hango tsayawa tun daga nesa, da cika iskar taya yadda kamfani ya rubuta, su ne suke riƙe injin a yankin da yake tsimi.

4.0 Tarakta da Babbar Mota

A Bunkure motar gudu baƙuwa ce mai wucewa. Turbon da yake kwana a yankin yana jikin injin dizal ne, kuma a nan hukuncin ya fi sassauci. Injin dizal ba shi da murfin maƙogwaro irin na fetur, kullum iskarsa ta fi mansa yawa, hayaƙinsa kuma bai kai na fetur zafi ba, don haka ba ya buƙatar rarar mai domin sanyaya kansa. Turbo a jikinsa ƙarin iska ne da ke sa man ya ƙone sarai. Ana iya kwatanta tarakta biyu da aka sani a gonakin Nijeriya, dukkansu masu ƙarfin doki 75. Massey Ferguson 375 tana da silinda huɗu mai kusan lita 4 ba tare da turbo ba, John Deere 5075E kuwa silinda uku ce mai lita 2.9 da turbo.

Duk da haka, ɗabi'ar direba ba ta fita daga lissafi ba. Da yawa daga masu tuƙin tarakta sukan buɗe totur har ƙarshe tun da safe, su sa ƙaramar giya, ko da kuwa aikin jan tirelar taki ne ko haro na biyu a ƙasar da ta riga ta yi laushi. Injin da yake juyi da iyakar saurinsa yana ɗauke da rabin lodi, wani kaso mai tsoka na man da yake sha a gogayyar kansa yake ƙarewa. Gyaran shi ne a hau giya a sauke totur, gudun tarakta a gona ya tsaya yadda yake, juyin inji ya ragu. Cibiyar gwajin tarakta ta Jami'ar Nebraska a Amurka, wadda take aiki tun 1920, tana sa irin wannan gwaji cikin rahotanninta, kuma yana nuna raguwar shan mai a aikin da bai kai cikakken lodi ba. Dabarar tana da iyaka biyu. Ba ta dace da huɗa mai zurfi a busasshiyar ƙasa ba, inda ake buƙatar dukkan ƙarfin injin, haka kuma ba ta dace da na'urar da ake juyawa da sandar bayan tarakta ba, wadda take neman juyi 540 a minti. Alamar an wuce gona da iri ita ce baƙin hayaƙi, ko kuma a ƙara totur inji ya kasa amsawa da sauri.

Baƙin hayaƙi ya cancanci a tsaya a kansa, domin akwai masu ɗaukarsa shaidar ƙarfi, har wasu direbobin manyan motoci sukan sa a buɗe musu famfon mai domin motar ta ja. Baƙin nan da ake gani dizal ne da aka saya da kuɗi ya fita bai ƙone ba. Ko dai man ya yi yawa, ko iska ta yi kaɗan, ko nozul ya daina fesawa ya koma ɗiga. Ga tarakta kuma akwai zamewar taya. Zamewa kaɗan, wajen kashi 10 zuwa 15 cikin 100, ita ce daidai ga mai jan ƙafa biyu. Idan ta wuce haka, kamar yadda yake faruwa a gonar shinkafa da ba ta gama tsanewa ba, taya tana juyi ne a wuri ɗaya ana biyan kuɗin mai.

Ga babbar motar da ta ɗauko tumatir kuwa, direba yana tsakanin matsi biyu, domin kaya ne masu ruɓewa kuma kowace awa tana rage musu daraja. Amma a ɗauka, don misali kawai, motar tana shan lita 35 a kowane kilomita 100. Tafiyar Legas lita 350 ke nan, ragin kashi 10 cikin 100 kuma lita 35 ne a zuwa kaɗai. Bambancin turjiyar iska tsakanin gudun kilomita 80 da 100 a awa ya haura kashi 50 cikin 100, sannan injin da aka bari yana aiki a tsaye ana jiran lodi yana ƙona wajen lita 3 a kowace awa ba tare da motar ta motsa ba.

5.0 Ƙura, Zafi da Hannun Bakanike

Yanayin yankin ba ya tausaya wa turbo. Noman rani yana faɗawa ne a lokacin hunturu, sa'ar da iska take cike da ƙura, haro kuma yana tayar da tasa. Matatar iska da ta toshe tana shaƙe tsohon injin dizal, ya yi hayaƙi ya ƙara sha. Wadda ta yage ta fi muni, domin ƙura tana cin bakin farfelar da ke juyi sau dubbai a minti har ta daina matsa iska yadda ya kamata. Bugun matata a jikin taya ko hura ta da iska mai ƙarfi, waɗanda ake yi da niyyar tattali, su ne sukan yaga ta. Daga Maris zuwa Mayu kuma zafi yakan kai digiri 40, iskar wannan lokaci ta fi ta digiri 20 rashin kauri da kimanin kashi 6 cikin 100, ga shi ƙaiƙayin shinkafa yana toshe lagireton da ke sanyaya ta.

Sandar turbo a kan baƙin mai take yawo, shi ne yake raba ta da ƙarfe kuma yake kwashe mata zafi. Idan aka kashe inji nan take bayan aiki mai nauyi, man ya tsaya alhali ƙarfen yana da zafi, sai ya dahu ya zama gawayi a cikin bututun. Minti biyu ko uku na barin inji ya huce kafin a kashe shi suna cin ɗan mai, amma ba su kai kuɗin sabon turbo ba. Jinkirta juye da sayen baƙin mai na awo wanda ba a san asalinsa ba hanya ɗaya suke kaiwa.

Wata al'ada da ta yaɗu a garejin Nijeriya ita ce cire bawul ɗin da ke tsare ruwan lagireto har sai inji ya ɗau zafi, da haɗa fanka kai tsaye ta riƙa juyi ba tsayawa, bisa hujjar cewa an yi su ne domin ƙasashen sanyi. An tsara inji ne ya yi aiki a zafin da ya kusa digiri 90. Idan aka hana shi kaiwa nan, kwamfutarsa takan ɗauka har yanzu safiya ce, ta ci gaba da ba shi rarar man ɗumama jiki tsawon tafiya.

6.0 Injin Ban-ruwa

Injin da ya fi kowane yawa a yankin ba shi da turbo, amma doka ɗaya ce take hukunta su. Manoman da gonakinsu suke ƙarshen hanyar ruwa, ko suke wajen shirin gaba ɗaya, da ƙaramin injin fetur mai bakin inci 2 ko 3 suke jan ruwa daga magudana ko rijiyar burtsatse. Ƙarfin da famfon yake nema yana ƙaruwa ne da ninkin saurinsa sau uku a kan kansa. Idan aka rage juyinsa da kashi 20 cikin 100, a lissafi ruwan da yake turowa zai ragu da kashi 20, amma ƙarfin da yake nema zai sauko zuwa kusan rabi. Wannan ya fi tabbata inda ruwan yake kusa kuma tudun da za a haura da shi kaɗan ne. Inda rijiya ta yi zurfi, rage totur da yawa yana iya sa ruwan ya ƙi hawowa sam. Ajiye injin kusa da fuskar ruwa, toshe duk wata kafa da iska take shiga a tiyon zuƙa, da guje wa siririn tiyo mai tsawo da lanƙwasa, duk suna rage awannin da injin zai yi yana aiki a kan fili ɗaya.

Tun daga 2023 manoma da dama a Kano da Jigawa sun sauya kafireton injunansu domin su yi aiki da tukunyar iskar gas ta girki, wasu kuma sun koma famfo mai amfani da hasken rana. Wannan sauyi ya taɓa har harshe. Kalmar gas, wadda a tasha take nufin dizal, yanzu a bakin hanyar ruwa tana iya nufin tukunyar da ke gefen inji, ta yadda idan manomi ya ce gas ya yi tsada, sai an tambaye shi na tarakta yake nufi ko na ban-ruwa.